Inci Goma da Ƙaramar Motarsa

Yayana katifa yake sayarwa. Tun ina 'yar makaranta nake ganinsa a bakin shago ɗaya, tsakanin mai fanka da mai fenti, zaune a kan kujerun roba biyu da aka cusa ɗaya cikin ɗaya, domin guda ɗaya ba ta iya ɗaukarsa. A layin nan ba mai kiran sunansa na gaskiya. Inci Goma ake ce masa, wato katifar da ta fi kowace kauri a shagon, kuma yana amsawa da fara'a. Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, takan ce shi ya fara zuwa ya kwashe jikin da ya kamata a raba mana duka, ni da na zo ƙarshe sai ƙasusuwa na tarar. Har yau Auta yake ce mini, ko da yake ni ma furfura ta fara leƙo mini.

Mutum ne mai sanyin hali, ba ya faɗa, ba ya gaggawa, kuma ya iya ciniki. Ya sha gaya mini sirrin sana'arsa.

"Auta, mutum ba ya sayen katifa a tsaye. Ke dai lallaɓa shi ya kwanta. Da ƙeyarsa ta taɓa soso, ciniki ya faɗa."

Abin hawansa tsohuwar a-kori-kura ce fara, wadda farinta ya daɗe da komawa ruwan toka. Ƙofar direba da igiya ake ɗaure ta. Da ita yake kai kaya, da ita yake zuwa gaisuwa, da ita ya kai 'ya'yansa makaranta har suka gama. Bai taɓa jin kunyarta ba. Matarsa, wadda ni nake kira Matarmu don tsokana, 'yar firit ce, ɗinkin labule take yi a gida. In suka jera a hanya sai ka ce kabad ne da tsintsiya. Ita ce mai bakin gidan, shi kuma mai dariyar gidan, haka suka zauna shekara da shekaru lafiya lau.

Abin ya faro ne daga wani taro. Kamfanin da yake saro katifa a wurinsu ya shirya karrama manyan dillalansa a wani ƙaton otal, kuma Yaya ne ya zo na ɗaya a yankinmu. Ya ɗinka sababbin kaya, Matarmu ta ci ado, suka hau a-kori-kura suka nufi otal. Suna isa bakin ƙofa mai gadi ya ɗaga hannu, ko fuskar Yaya bai kalla ba.

"Masu kawo kaya ta baya."

"Ɗan'uwa, ni baƙo ne, gayyata ta aka yi."

"Baba, kowa haka yake cewa. Ta baya. Kana tare wa manya hanya."

Motocin da ke bayansu suka fara danna oda. Yaya ba ya son tashin hankali, sai ya juya ya bi ta baya, ya yi fakin tsakanin motar mai kifi da kwandunan shara. Daga nan ba wata hanya sai ta cikin kicin. Suna ratsawa wani kuku ya tare shi yana tambaya ko shi ne mai kawo ƙanƙara, me ya sa ya makara. Suka faɗa zauren taro ta ƙofar masu raba abinci, a bayan wani yaro mai tire, daidai lokacin da ake kiran Yaya a lasifika. Ya hau ya karɓi lambar yabonsa yana ƙamshin soyayyar albasa. Da ya ba abokansa labari suka yi dariya har da riƙe ciki, shi ma ya taya su. Amma Matarmu ta ce da suka koma gida ko abinci bai nema ba, abin da a tarihin aurensu ba a taɓa yi ba.

Bayan 'yan kwanaki ya kira ni shago.

"Auta, mota zan saya. Ta manya. Irin mai tambarin nan a hanci."

"Yaya, kai da me?"

"Ni da gumina. Na aurar da babbar 'yata, ƙananan sun kama aiki. Ko sau ɗaya a ɗaga mini ƙarfen ƙofa ba tare da an tambaye ni me na kawo ba."

Da na ga idonsa sai na haɗiye tsokanar da ke bakina. Na ce zan raka shi.

Filin sayar da motocin yana bakin babban titi, an jera su suna ƙyalli kamar an lashe. Dillalin da ya tarbe mu wani siriri ne mai tabarau a goshi, abokan aikinsa suna ce masa Bakin Zuma. Yaya ya nufi wata ƙatuwa baƙa, mai faɗin ɗaki guda, ya tambayi kuɗinta. Da aka faɗa masa sai ya cire hula ya share gumi, ya ce ashe launin bai yi masa ba. Muka matsa ga mai bi mata. Ita ma launin bai yi ba. Haka muka yi ta gangarowa, motoci suna ƙanƙancewa, har muka iso ƙarshen layi, inda wata 'yar ƙarama ruwan azurfa take tsaye kamar autar gidan.

"Ranka ya daɗe, ga taka," in ji Bakin Zuma. "Ta hannu ce, amma hannu ɗaya, hannun ma mai tsabta. Uwa ɗaya uba ɗaya suke da waccan babbar. Tambarin hancinsu ɗaya, ka auna ka gani. Wanda ya hango ka daga gaba ba zai san bambanci ba."

"To wanda ya hango ni daga gefe fa?"

"Kafin ya gama kallo ka wuce."

Na ja Yaya gefe na ce masa motar nan ko ni sai na sunkuya. Ya ce ya gani, kallo kawai yake yi. Sai Bakin Zuma ya buɗe ƙofa, wani ƙamshin fata ya bugo mu.

"Ba sai ka saya ba, ranka ya daɗe. Ka ɗan zauna kawai."

Yaya ya dube ni, na dube shi. Ya san wannan maganar, shi ya ƙirƙire ta. Ya yi murmushin wanda ya gane tarko, ya sa babban yatsa ya danna kujerar kamar yadda yake gwada katifa, ya saki, ya ga yadda ta taso a hankali.

"Kai," ya ce ƙasa-ƙasa. "Soson nan na gaske ne."

Shigarsa aiki ce. Bakin Zuma ya danna wani maɓalli kujerar ta yi ta ja da baya har ta ƙure. Yaya ya fara tura ƙafa ɗaya, ya bi da mazaunai, ya karkatar da kai, ya janyo ɗaya ƙafar da hannu biyu. Motar ta yi ƙasa ta gefensa tana ɗan nishi. Sitiyari ya kwanta a kan cikinsa, hularsa ta manne da rufi. Ya jingina ƙeya, ya lumshe ido. Daga nan na san an gama.

Bakanike bai kira ba, injin bai buɗe ba. Abin da ya yi ta dubawa shi ne ɗinkin kujeru, yana bin zaren da farce yana yaba wanda ya yi. Allah ya taimake shi motar lafiyarta ƙalau. Ko ragin kirki bai nema ba, mutumin da yakan kwashe rabin yini yana ja-in-ja da kamfani a kan filo.

Ranar da ya kawo ta gida, Matarmu ta fito da almakashi a hannu, ta zagaya ta sau ɗaya, ta leƙa kujerar baya.

"Maigida, ta yi kyau. Yaushe za a kawo sauran?"

Bai kula ta ba. Ya tara mu ya karanta dokoki. Ba a shiga da takalmi. Ba a cin komai a ciki, ko alewa. Ba a rufe ƙofa da ƙarfi, shi zai zagayo ya rufe wa kowa. Ya sayi jaka ta musamman ta zuba takalman fasinja, ya ajiye a but ɗin motar.

Tafiyarsa ta farko otal ɗin nan ya nufa, wai zai sha shayi. Ya sa kayan da ya sa ranar taro, ya isa bakin ƙofa a hankali ya sauke gilashi, ya shirya fuska. Sai ya tarar an cire mai gadin gaba ɗaya, an sa wani ƙarfe mai ɗaga kansa da kansa ga duk wanda ya zo. Yana cikin mamaki wani mai keke ya bi ta gefensa, ƙarfen ya ɗaga masa shi ma. Yaya ya shiga ya sha shayi mafi tsada a rayuwarsa, ya dawo ya ce ko sukari bai ji ba.

Motar kuwa tana da hali. An yi mata wata na'ura mai kuka in wani abu ya matso kusa da ita, don kada a goge ta. To layin su Yaya ba abin da ba ya kusa da wani abu. Mai baro, mai babur, buhunan siminti, mai tallan lemo, kowa kafaɗa da kafaɗa. Tun daga bakin layi take fara tsiwa, tit-tit-tit, har ya isa shago tana ihu kamar ana yanka ta. Mai fanka ya sa mata suna 'Yar Shagwaɓa, sunan ya bi ta. In suka jiyo kukan daga nesa sai mai fenti ya ce, "A gyara, ga Inci Goma nan da jaririyarsa."

Sannan ga tudun rage gudu da aka yi ta ginawa a titin unguwa. Motar gajera ce, da ta hau sai cikinta ya gogi siminti, ƙiiii, Yaya ya runtse ido kamar fatarsa aka karce. Sai ya kafa sabuwar doka: kowa ya sauka a bakin tudu, ya taka da ƙafa, a haɗu a gaba. Ka tuna kuma takalma suna but. Haka za mu fito ba takalmi, ni da Matarmu, mu tsallaka a kan kwalta mai zafi muna ɗingishi, shi ya lallaɓa ya hau, motar ta sake cewa ƙiiii.

Rannan Matarmu ta tsaya a bakin taga ta riƙe ƙugu.

"Maigida, ni da Auta in aka haɗa mu aka ɗaure da igiya ba mu kai cinyarka ɗaya ba. Wanda ya kamata ya sauka shi ke riƙe da sitiyari."

Ya ce nauyin direba an riga an lissafa shi tun daga kamfani.

Ana haka sai Yaya ya fara rashin lafiya. Ya kira ni gefe yana jin nauyin maganar, ya ce wani zafi ne ke taso masa daga ƙasa, daga mazaunai ya bi baya har wuya. Yakan zo masa da safe a hanyar shago, da yamma a hanyar gida. In ya zauna a bakin shago sai ya lafa. Mai kemis ya ba shi ƙwayoyi, bai daina ba. Likita ya auna jini, ya auna fitsari, ya ce bai ga komai ba sai dai a rage ƙiba. Mai fanka ya ce hassada ce, mutum ba ya sayen irin wannan mota ido ya bar shi. Yaya ya rame a fuska, har ya fara yi wa Matarmu bayanin inda makullan sito suke.

Za a mai da shi asibiti karo na biyu, na ce zan bi su. Ni a gaba, Matarmu a baya ta naɗe ƙafafu kamar ɗinkin da aka ninke. Mun ɗan yi nisa sai na ji wani ɗumi yana ratsa zanena. Na gyara zama. Ya ƙaru. Na fara salati a zuci.

"Yaya," na ce, "cutar nan ana ɗauka. Ta kama ni."

Ya taka birki a tsakiyar titi. Muka dubi juna, shi gumi ni gumi. Har ya fara ba ni haƙuri, wai shi ya jawo mini. Sai Matarmu ta zuro kai ta tsakaninmu.

"Wannan jar wutar ta mece ce?"

A ƙasan rediyo akwai wasu 'yan maɓallai biyu, kowane da hoton kujera da hayaƙi yana tashi daga cikinta, duk biyun sun kama ja. Ashe motar an yi ta ne don mutanen da sanyi ke damu, kujerunta suna da abin ɗumama jiki. Duk sanda Yaya ya janyo ƙafarsa ciki, gwiwarsa sai ta danna na gefensa. Ran nan da yake a rikice ya haɗa har da nawa. Matarmu ta sa ɗan yatsa ta kashe, nan take muka warke mu biyu. Ta koma ta kwanta a kujerar baya tana dariya har da hawaye, tana cewa wata guda ana dafa mata miji a hankali ba ta sani ba.

Yaya ya roƙe mu kada labarin ya fita. Kafin yamma mai fenti yana tambayarsa ko ya nuna.

Na ɗauka daga nan zai saduda. Ina! Sai ma ƙaunar ta ƙaru. Ya ce rana tana cin fentinta, tsuntsaye suna raina ta, dole a yi mata ɗaki. Wurin da ya rage a gidan wani lungu ne tsakanin bangon falo da katangar maƙwabci. Ya kira magini, aka auna motar, aka auna lungun, aka ga za ta shiga har da 'yar rara. Aka yi rufin kwano, aka yi daɓe. Da aka gama Yaya ya tsaya yana kallon bangon, ya ga kaushin siminti, hankalinsa bai kwanta ba. Ya aika shago aka kwaso katifu masu kauri, ya sa aka manna su a bango dama da hagu, daga ƙasa har sama, yadda ko motar ta goga sai dai ta ji daɗi.

Ranar hutu da hantsi ya gayyace mu buɗe ɗaki. Mai fanka ya zo, mai fenti ya zo, maƙwabta suka leƙo. Yaya ya shiga mota, ya danna maɓalli madubai suka naɗe kamar kunnen kyanwa, ya saita hanci ya fara shiga a hankali. 'Yar Shagwaɓa ta ga katifa dama, ta ga katifa hagu, ta saki wani kuka da ba mu taɓa ji ba. Bai fasa ba har ta shige duka. Ya kashe. Muka tafa.

Sai muka ji ƙofa ta ce ɓuf. Shiru. Ta sake cewa ɓuf.

An auna mota, an auna lungu, ba wanda ya auna ƙofa in ta buɗe, balle mutumin da zai fito ta cikinta. Rarar da magini ya bari katifa ta cinye. Ƙofar ba ta buɗuwa fiye da tafin hannu da ɗan ƙari.

"Maigida, ka dawo da baya mana," in ji Matarmu.

"Da wane ido? Madubai a naɗe, wuyana ba ya juyawa. In karce ta?"

"To a ciki za ka kwana?"

Ya ji mutane sun fara ƙus-ƙus. Sai muryarsa ta fito da ƙarfi, irin ta wanda ya san abin da yake yi.

"Ku kwantar da hankalinku. Da ma haka aka tsara. Me kuke tsammani aka yi tagar sama domin shi?"

Muka ji rufin motar yana zugewa. Hula ta fara fitowa, sai kai, sai hannu ɗaya, sai ɗayan. Kafaɗu suka fito da ƙyar. Ƙirji ya biyo. Daga nan tafiya ta tsaya. Ya yunƙura sama, bai motsa ba. Ya ce bari ya koma, nan ma bai motsa ba. Cikin Yaya ya cika tagar nan tam, ko iska ba ta wucewa. Rabinsa a waje kansa yana gogar kwano, rabinsa a ciki ƙafafu suna neman wurin takawa. Ƙafa ɗaya ta sami oda, ɗayar ta kunna rediyo, abin share gilashi ya kama kai da kawowa.

Mai fanka ya ce a kawo man girki a shafa masa.

"Kada wanda ya kawo mai kusa da kujerun nan!" in ji Yaya daga sama.

Mai fenti ya ce ya fitar da numfashi duka ya tsuke ciki. Ya fitar, ya tsuke, har ya fara zamewa kaɗan, sai wata maƙwabciya ta fashe da dariya. Yaya kuwa bai iya jin dariya bai taya ba. Ya kama, cikin ya kumbura, ya sake cika tagar. Aka yi haka ban san sau nawa ba. Daga baya dariyar ta ɗauke, domin fuskarsa ta fara canja launi, yana cewa haƙarƙarinsa.

Sai Matarmu ta matso gaba. Ta cire mayafi ta ɗaura a ƙugu, ta bi ta gefen mota tana matse katifa da kafaɗa, ta isa ƙofar nan mai tafin hannu, ta karkace ta zame ciki kamar zare a allura. Shekarun baya da Yaya ya karye a ƙafa, ita ta riƙa jan a-kori-kura tana kai kaya har ya warke, amma tun da aka sayi wannan ko makullinta bai bari ta riƙe ba.

"Ɗauke ƙafarka daga kafaɗata," muka ji ta ce.

"Maman yara, me za ki yi? Kin cire takalmi?"

Mota ta tashi. Ta fara fitowa da baya, sumul, ko gezau, ba ta taɓa katifa ko ɗaya ba. Ga Yaya tsaye ta rufi, hannuwa a buɗe, yana fitowa cikin rana sannu a hankali kamar ɗan takara ya zo gaida jama'a. Yaran unguwa da suka taru a bakin ƙofa suka sa ihu suna tafi. Shi kuma, don bai san abin da zai yi da hannunsa ba, sai ya ɗaga musu.

A waje shi da kansa ya ba da dabara. Ya ce a kawo ledar da ake naɗe katifa, wadda yake sawa in zai shigar da babba ta ƙaramar ƙofa. Aka cusa ta zagaye da cikinsa, mai fanka da mai fenti suka hau benci suka dafa kafaɗunsa, aka ce bismillah aka danna. Ya zame ciki ya faɗa kujerar fasinja, tim, motar ta yi rawa. Ya daɗe a zaune yana haki. Abin da ya fara cewa shi ne a duba masa rufin ko ya lotsa.

Rufi bai lotsa ba, haƙarƙarinsa ne ya yi tsami. Likita ya ɗaure shi ya hana shi tuƙi na ɗan lokaci. Dole Matarmu ta riƙa kai shi shago. Nan muka gano abin da ba mu sani ba: matar nan ƙafarta nauyi gare ta. Yaya tun da ya sayi motar bai taɓa bari ta wuce gudun keke ba. Ranar farko da suka hau babban titi ta taka, motar ta yi wata ƙara mai daɗi ta miƙe kamar an sake ta daga turke. Ya riƙe ƙofa da hannu biyu yana karanto duk addu'ar da ya sani. Da suka isa ya fito ya dafa mai fanka.

"Ka ga abin da motata take iyawa?" ya ce. "Wallahi ko ni ban sani ba."

Da ya warke ya karɓi makulli ya yi kwana biyu yana ja, sannan wata safiya aka ga ya kwance igiyar ƙofar a-kori-kura ya hau abinsa. Ya ce akwai kayan da zai kai. Washegari ma akwai kaya. Har yau kayan ba su ƙare ba. Ya gaya mini a asirce cewa a cikin tsohuwar ne kawai yake iya numfashi har ƙasan ciki, ya kuma ci gyaɗarsa ya watsar da ɓawo inda ya ga dama. Aka ɓamɓare katifun bango ɗaya aka mayar shago, ya sayar da su da ragi. Matarmu ta ja kujerar direba gaba har ta ƙure, ta ɗora filo, ta cika but da labulen mutane. Kasuwarta ta buɗe, domin masu manyan gidaje in suka ga motar da ta zo auna taga a ciki, ba sa neman ragi.

Bara waccan, babbar 'yarsu ta tashi da naƙuda da rana tsaka, mijinta ya yi tafiya. Matarmu ta fito da mota, na shiga baya na rungume yarinyar, jakar kayan haihuwa ta cinye kujerar gaba. Yaya ya fito da gudu yana sa hula, ya zagaya ta nan, ya zagaya ta can, babu wurinsa.

"Ku tafi!" ya ce. "Maman yara, ki taka ta! Kada ki tsaya wa tudu!"

Ta taka kuwa. Muka bi ta kan tudun nan ɗaya bayan ɗaya, ban san ko motar ta goga ba don ihun da ake yi a kunnena. Mun isa asibiti da ɗan lokaci kaɗan aka haifi mace. Sai can ga Yaya ya iso a a-kori-kura, da lodin katifun wata makarantar kwana a baya, ya shigo yana haki yana tambayar kowa a barandar asibiti ko an ga matarsa da motarsa da 'yarsa. Da aka miƙa masa jaririyar ta ɓace a tafin hannunsa. Ya yi ta kuka ba kunya, ma'aikatan jinya suna ba shi haƙuri.

Jikar yanzu ta yi baki, kuma bakin kakarta ta ɗauko. Kaka Ƙarama take ce wa Matarmu, shi kuma Kaka Babba. Makon jiya na biya ta gidan na tarar an fito da motar tsakar gida, Yaya ya dawo daga shago a gajiye, ya kai hannu zai dafa ta ya cire takalmi. Sai ga 'yar nan ta taho da gudu ta tsaya a gabansa, ko gwiwarsa ba ta kai ba.

"Kaka Babba, kar ka taɓa. Motar Kaka Ƙarama ce."

"Ke, tawa ce. Ni na saya."

"A'a. Taka waccan ce, mai igiya."

Ya juyo ya dube ni. "Auta, kina ji?"

Na ce ina ji, kuma ba ni shiga shari'ar da ta fi ƙarfina.

Ya sunkuya da ƙyar har ya kusa kai tsawonta. "To ranki ya daɗe, ko ɗan jingina ba za a ba ni ba? Na gaji."

Ta sa yatsa a baki ta yi nazari, ta dubi motar, ta dubi cikinsa.

"Kaɗan," ta ce.

Ya jingina kaɗan.